Rubutun Matata a Takardar Ƙosai

Sallama gare ku masu bin wannan shafi, har da ku 'yan matan da kuke cika mini ƙasan rubutu da furanni da fuskoki masu hawaye. Wata ta rubuto cewa ita labarin soyayya ta zo karantawa, ga shi an yi mako uku ba ta ga ko ƙeyarta ba. Yarinya, ni shekarata sittin da ɗaya ina jira. Ki gyara zama.

Ga wanda yau ya fara leƙowa, sunana Mamduh. Mutanen garinmu, Zifta, suna ce mini Ustaz, ba don sun taɓa ƙaruwa da ni ba, sai don ina sa tabarau kuma ba na dariya a titi. Shekara talatin da ɗaya na yi ina riƙe da ɗakin adana takardu na kwalejin malamai mata da ke garinmu, wata huɗu ke nan da na ajiye aiki. Matata Insaf ta rasu shekara bakwai da suka wuce. Allah bai ba mu haihuwa ba. Yayata Fauƙiyya tana zaune a hawan da ke ƙasan nawa, kuma tun ranar da aka yi sadakar arba'in ta ɗaura ɗamarar sai ta ga an sake kawo wata mace ɗakin nan, ko da a kan gawata ne.

Ta gwada ni da wata shugabar makaranta mai ritaya, ta gwada ni da ƙanwar wani mai kantin magani. A wannan karon ta sauko ƙasa ƙwarai, a ganina na lokacin: Sitt Ni'imat, mai shagon ƙosan ta'amiyya da ke bakin gada. Bazawara ce, mijinta ya rasu, shekarunta sun haura hamsin. Baƙar riga har ƙasa, awarwaron zinariya shida a hannun dama, murya kamar ta mai kiran fasinja a tasha. Ko ta wane gefen titi ka bi, ƙaurin manta sai ya riga ka isa gida.

Abla Fauƙiyya, kamar yadda nake kiran yayar tawa, ba ta iya rubutu a waya ba, saƙon murya take turowa, ko wanne sai ya ci minti huɗu, rabinsa tari ne da faɗa da jikokinta. A cikin kwana goma ta turo mini guda uku masu magana ɗaya: Sitt Ni'imat ta ce don Allah in leƙa shagonta, akwai abin da take son nuna mini. Na saurari na farko ina aske gemu, na yi tsaki har na yanke kaina. Abin da take son nuna mini! Na san shi. Haƙorin makka ne da takardar mallakar shago. Na rubuta wa Abla amsa a taƙaice: "Ki gaya mata na gode, na ga abin da ya ishe ni a duniya." Ta dawo mini da minti shida, a ciki ta kira ni tulun giya marar amfani, ta ce mahaifiyarmu tana kabari tana jin kunyata.

Ranar Talata da hantsi ina zaune a baranda da jallabiyar barci, wadda Insaf ta yi wa faci a gwiwar hannu, sai na ji Abla tana jijjiga igiyar kwandon da muke zura wa masu talla. Na jawo shi sama. Gurasa biyu masu zafi, ɗan kwanon wake da man zaitun, da ƙunshin ƙosai a takarda.

"Daga wajen wa?" na leƙa na tambaya.

"Ka ci ka yi shiru. Ko gubar ma ai ba a ba ka kyauta a garin nan."

Da na bi zuciyata da na mayar. Amma kwana biyu ke nan ina cin cuku da busasshiyar gurasa, kuma yunwa ba ta karanta littafi ba. Na ci ɗaya, na ci biyu. Gaskiya ɗaya ce, matar ta iya suya. Na ci na biyar, na ɗauki takardar zan goge yatsuna, sai idona ya faɗa kan wani harafi.

Insaf da hagu take rubutu, kuma duk rayuwarta da tawada ruwan goro. Layinta yakan gangara ƙasa idan ya kusa ƙarshen shafi, kamar mai saukowa daga tudu da kaya. Ko a cikin takardu dubu zan gane shi. Ga shi a hannuna, mai ya ratsa shi har ina hango ƙarfen baranda ta cikinsa, ɓarɓashin riɗi ya manne a kan kalmomi. Abin da ake iya karantawa kaɗan ne: "...ta ce ranar da aka fara ɗaukar mata a gidan gurzar auduga, su goma sha tara ne, kuma ba mai takalmi a cikinsu sai..."

Na tashi na shiga banɗaki na amayar da duk abin da na ci.

Dole in koma baya kaɗan, don ku san abin da na goge hannu da shi. Insaf malamar tarihi ce a kwalejin. Shekara ashirin ta yi tana bin lunguna bayan an tashi daga aiki, tana zama a kan tabarmar tsofaffin mata: waɗanda suka yi aikin auduga tun suna yara, da 'yan matan farko da iyayensu suka yarda suka shiga kwalejin, da ungozomomi, da masu wankin gawa. Abin da suka faɗa mata ta rubuta shi a littattafan 'yan makaranta, masu hoton jadawalin lissafi a baya. Guda sittin da uku. Da ciwo ya kwantar da ita, wasiyya uku ta bar mini a kansu: in kai su ɗakin takardu, in shigar da su rajista, in bar 'yan mata su karanta.

Na cika ta farko.

Wanda bai taɓa aikin gwamnati a ƙasar nan ba ba zai gane sauran ba. Duk abin da aka rubuta a rajistar ɗakinka ya zama uhda, wato yana wuyanka. Kujera ce, allura ce, littafi ne, in ya ɓata ko ya yage, kai za a tuhuma, kuma ranar ritayarka ba za a sallame ka ba sai an ƙirga komai an ga ya cika. Shi ya sa ma'aji nagari yake ƙin baƙo kamar yadda mai gona yake ƙin fara. Ni kuwa ma'aji nagari ne. A shekara talatin da ɗaya ko kusurwar takarda ba ta ɓata a hannuna ba, domin ban bar kowa ya taɓa ba. Ɗaliba ta zo neman tsohon hoto, in ce ta kawo takarda daga shugaban sashe. Ta kawo, in ce babu hatimi. Ta samo hatimi, in ce lokacin salla ya yi.

Da na shigar da littattafan Insaf rajista, da sun zama na kwaleji, da duk yarinya mai jan farce da cingam a baki tana da ikon ta nemi a ba ta. Sai na zuba su a kabad ɗin ƙarfe na can ƙurya, na kulle, na sa makullin a aljihu. Da ritaya ta zo ban iya fita da su ba, don mai gadi ba ya barin ko fallen takarda ya wuce ƙofa sai da takardar fita, takardar fita kuwa ba a yi wa abin da ba ya cikin rajista. Na ce ba komai. Makulli yana wurina, ƙarfe ba ya magana.

To, ga ƙarfe ya yi magana, da bakin ƙosai.

Hankali ya ce in nufi bakin gada, tunda daga can takardar ta fito. Girman kai ya ce a'a. Na sa kwat ɗina mai ruwan toka, na ninke takardar a cikin hankici, na tari tuktuk, keken nan mai ƙafa uku, zuwa kwaleji.

Ana shirin bikin cikarta shekara saba'in da biyar. Sun shafe bango da fenti ruwan ƙwai har kan tagogi, sun rataya tutoci. Ɗakina, wanda na san warin kowane lungu nasa, an cire masa ƙofar katako an sa ta gilashi, an rubuta a sama da harufan zinariya: Zauren Tarihi. A ciki babu kanta ko ɗaya. Allon talabijin uku ne a bango suna juya hotunan shugabannin kwaleji, ko wanne da gashin baki da tumbi, ga furannin roba a kowane saƙo, ga na'urar sanyaya ɗaki tana huci. Tarihi ya yi wanka ya fesa turare, sai dai babu kowa a cikin rigar.

Daktur Hazim, wanda aka damƙa wa zauren, ya taso ya rungume ni. Yaro ne ɗan shekara talatin da 'yan kai, takalmi mai tsini ba safa, agogo kamar faifan tuwo. Ya ce albarka ta sauka, ya ce ni ne ginshiƙi, ya ce har sun shirya ba ni allon yabo ranar biki. Ya nuna mini yadda za a ɗauki hoton kowace takarda a sa a yanar gizo don duniya ta gani. Na tambaye shi takardun suna ina. Ya ce waɗanda ke cikin rajista suna sito a cikin kwalaye, lafiya lau. Na tambaye shi kabad ɗin ƙurya.

"Wane? Mai tsatsar nan? Ai ba mu sami makullinsa ba, Ustaz, sai da aka kira maƙeri."

"Abin da ke ciki fa?"

Ya ɗaga kafaɗa. Wai tsofaffin littattafan ɗalibai ne, kwamiti ya duba bai gan su a rajista ba, sai aka haɗa su da sauran tarkace aka sayar wa mai sayen takarda a kan sikeli. Ya faɗe shi kamar mai ba da labarin an share tsakar gida.

Ban san ina da murya irin wannan ba. Na kira shi jahili mai digiri. Na ce kwamitinsu na jakuna uku ne da hatimi ɗaya. Na ce garin da ke sayar da bakin iyayensa mata a kan sikeli don ya sayi furen roba, bai cancanci a tuna da shi ba. Ma'aikata suka taru a bakin ƙofa suna kallo, waɗansu da kofin shayi a hannu. Shi kuwa bai yi fushi ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya je teburinsa ya buɗe fayil, ya zaro takarda ɗaya ya miƙo mini da hannu biyu, cikin ladabi.

Takardar miƙa aiki ce, ta ranar ritayata. A ƙasa akwai layin da kowane ma'aji yake rubutawa da hannunsa: "Na shaida babu wani abu mallakar kwaleji ko na amana a ɗakin nan face abin da ke cikin rajista." Ga sa hannuna, mai ƙatuwar wutsiya, wanda na yi shekaru ina alfahari da shi.

"Ka'idar ma ai kai ka koya mana, Ustaz," in ji shi. "Abin da ba ya rajista, babu shi."

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na mayar masa da takardarsa na fita, ban yi wa kowa sallama ba. Da ƙafa na taka har bakin gada, rana tana dukan ƙeyata, makullin banza yana ƙara a aljihu tare da canji.

Azahar ta wuce, kasuwar ƙosai ta lafa. Sitt Ni'imat tana zaune a kan kujerar roba tana tsinke ganyen lalo a faranti, ta ɗaure kai da baƙin gyale, ta naɗe hannun riga, awarwaro yana kaɗawa. Ta dube ni daga takalmi zuwa tabarau, ba ta tashi ba.

"Sannu da zuwa, Ustaz. Sau uku na aika a kira ka da mutunci ba ka zo ba. Ashe kai ma sai da ƙosai."

Na ajiye hankicin a kan faranti, na ce mata ta san abin da ta naɗe mini abinci da shi? Ta ce ta sani sarai, ita ta zaɓo shi da hannunta. Kafin in buɗe baki ta ce in kwantar da hankalina, wannan fallen ya riga ya sha mai tun makon jiya, wata ce ta dawo da shi. Ba ta ɓata mai kyau saboda ni ba, ban kai nan ba.

Ta share hannu a gaban riga ta ce in biyo ta. Bayan shagon akwai ɗaki inda take ajiye buhunan wake. Na sunkuya na shiga, na tsaya.

An ja igiyoyin shanya daga bango zuwa bango, an maƙale takardu da 'yan maƙalan wanki, ɗaruruwa, duk da tabon mai, duk da tawada ruwan goro. A kan wani benci an shimfiɗa sabon zanen gado mai furanni, an jera littattafan da suka tsira, lamba bayan lamba. Mata biyar suna zaune a tabarma, wata budurwa cikinsu tana karanta wa wata tsohuwa da ƙyar, tana bin layi da yatsa. Tsohuwar tana cewa, "Haka ne, wallahi haka ne, ita ce mai ɗingishi." Da suka gan ni suka ja gyale.

Sitt Ni'imat ta ba ni labari a tsaye. Buhu biyu ta saya wurin mai takarda, kamar yadda take saye duk wata. Kwana uku tana yage shafuka tana naɗe ƙosai, ba ta duba ba, wa yake karanta takardar ƙosai? A rana ta huɗu wata mata ta dawo da ƙunshinta a hannu, wai 'yarta ta ga sunan kakarsu a jiki, da sunan unguwarsu, da labarin yadda injin auduga ya cinye mata yatsu biyu. Nan take Sitt Ni'imat ta sauke kasko. Ta zauna da buhunan, ita da aji huɗun firamarenta, tana haɗa harafi da harafi. Goma sha ɗaya sun riga sun tafi cikin gari. Hamsin da biyu suna nan. Ta sa aka faɗa a shago da gidan burodi da wajen masu kitso cewa duk wanda ya dawo da takarda mai tawada ruwan goro, ƙosansa na ranar kyauta ne. Har daga cikin kwandon shara an tono waɗansu.

Wani zai ce a nan ne ya kamata in gode mata. Ni ma na sani. Abin da ya fito daga bakina shi ne: ta sa a ɗaure mini su, zan kira tuktuk.

"Ka kai su ina?"

"Gida. Kayan matata ne."

"Kayana ne. Na saya da halalina, a kan sikeli, da shaidu." Ta gyara ɗaya daga cikin maƙalan. "Shekara bakwai ka kulle baiwar Allah a cikin ƙarfe. Ni a kwana goma mata arba'in sun ji muryar iyayensu. Wa ya fi riƙe mata amana, ni ko kai?"

Na ce mata takarda ba ta son danshi, ba ta son hannu mai maiƙo, ba ta son hasken rana, akwai ilimi a cikin adana ta wanda ba a koyonsa a gindin kasko. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ɗauko littafi ɗaya daga benci, ta riƙe shi a ƙirji, bangonsa yana kallona.

"To, mai ilimi. Lamba goma sha bakwai. Labarin wa ke ciki?"

Na gyara zaman tabarau.

"Na ashirin fa? Na ɗaya?"

Matan nan biyar suna kallona. Fankar sama tana juyawa, takardu suna motsi a kan igiya.

Ga abin da na zo gaya muku yau, ku da ba ku san fuskata ba, don ba zan iya gaya wa Abla ba. Ban taɓa buɗe ko ɗaya ba. Ba bayan rasuwarta kaɗai ba, tun tana da rai. Ni mutumin takarda mai hatimi ne. Na karanta tarihin sarakuna da na yaƙoƙi da na waɗanda suka haƙa magudanan ruwa, kuma a wurina abin da ba shi da kwanan wata da sa hannu ba tarihi ba ne. In ta dawo da yamma ƙafafunta sun yi futu-futu, ta ce, "Mamduh, ka ji abin da wata ta gaya mini yau," sai in ce, ba tare da na ɗago daga jarida ba, "Hirar mata kuma?" Tun tana cewa har ta daina. Ta koma tana zama a teburin kicin tana rubutu, ni ina falo, bango ɗaya tsakaninmu, shekara ashirin. Da ta rasu kuma sai tsoro ya maye gurbin raini. Mace da ta saurari garin nan kaf, me ta ji a gidanta? Kulle kabad ya fi sauƙi.

Ban faɗi wannan a ɗakin wake ba. Ba sai na faɗa ba. Sitt Ni'imat ta mayar da littafin wurinsa a hankali.

"Na goma sha bakwai uwata ce," ta ce. "Shafi tara. Ban san ta taɓa son zama malama ba sai makon jiya."

Ta sallami matan, ta ce su dawo ranar Alhamis. Da muka rage mu biyu, ƙofa a buɗe, ta faɗi sharaɗinta. Littattafan ba za su bar ɗakin nan ba. Za ta sa a yi musu kanta, ta raba su da wake. Ta sayi sabuwar rajista, ni zan shigar da su ɗaya bayan ɗaya, tunda aikin da na iya ke nan. Kuma duk Alhamis bayan la'asar zan zauna in karanta da ƙarfi ga waɗanda ba su iya ba, don 'yan matan yanzu ba sa gane rubutun hannu, suna yi wa tsofaffi kisan gilla.

Na tambaye ta ko wannan shi ne sadakin da ita da Abla suka yanka mini.

Ta yi dariya har awarwaronta ya amsa. Ta ce zancen aure na yayata ne, ita ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta riga ta binne miji ɗaya marar magana, ba ta ga abin gaggawa a ɗauko na biyu ba. In tana son abin da zai zauna a kusurwa yana tsuke fuska, tulu ya fi ni araha.

Ɗan hakin da ka raina. Na juya zan fita, ta kira ni.

"Akwai na sittin da uku. Shi na fara yagewa, tsautsayi, don shi ne a saman buhu. Rabin shafin ƙarshe ya rage."

Ta buɗe ta miƙo mini. Rubutun ya yi rawa, na kwanakin ciwo ne. An yage shafin a karkace, abin da ya saura layi biyu: "Duk wadda littattafan nan suka iso hannunta, na san ba ta hanyar da na roƙa suka iso ba. Ina so ki sani cewa mijina Mamduh..."

Sauran ya tafi da ƙosan wani.

Ban san yadda na iso gida ba. Abla ta tare ni a matakala da tambayoyi, na wuce ta. Ta turo minti bakwai, ban buɗe ba. Ranar Laraba ban fita ba. Na zauna a teburin kicin, a kujerar da ban taɓa zama a kanta ba, na gano cewa daga nan ana jin duk motsin jaridar mai zama a falo. Na yi ta ƙarasa jimlar nan da kaina. Mijina Mamduh mutumin kirki ne da bai iya nunawa ba. Mijina Mamduh kabari ne mai tabarau. Duk wadda na gwada sai ta zauna daidai, wannan ne abin ƙyamar. Wani a garin nan, mai gyaran keke ko ɗan dako, ya san abin da matata ta yanke a kaina, ya goge baki da shi ya jefar.

Yau Alhamis. Ana kiran azahar waya ta yi ƙara, lambar da ban sani ba. Hoto ne: tafin hannu mai kauri, awarwaro shida, a tsakiya wata 'yar takarda a ninke huɗu, mai ya mayar da ita kamar fata. A ƙasa saƙo, da kuskuren rubutu uku da ban da ƙarfin gyarawa:

"Wani direba ya tsinto a ƙarƙashin kujerar motarsa. Na haɗa da rabin, ya dace. Na karanta."

Na rubuta: "Me ta ce?"

Alamar tana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Na tsaya a tsakar ɗaki da waya a hannu kamar ɗan shekara sha bakwai, ina jin haushin kaina.

"Ba a ba da takarda sai da izini, Ustaz. Ka zo bayan la'asar da tabaraunka. Mata sun fi arba'in yau. Da shi za ka fara, da bakinka, da ƙarfi."

Na goge kwat ɗin toka. Na goge takalmi. Na ciro makullin kabad daga aljihu na ajiye a kan teburin kicin, na sake ɗauka, na sake ajiyewa. Abla ta ji motsina, ga ta can a ƙasan matakala ta sha baƙar abayarta ta zuwa biki, da kwalin alewa a hannu, tana tambaya ko ta raka ni, alhali ta san duk wanda ya gan mu tare a bakin gada da kwalin nan ya san neman aure ake nufi.

An sallame sallar la'asar a masallacin unguwa. Ban ba Abla amsa ba tukuna. Ina neman tabarau, kuma suna kan hancina.